Tambaya da Amsa: Wa ya fara kawo bas ɗin gwamnati a Legas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da tumatir a kasuwar Mile 12. Mun yi gardama da maƙwabcin rumfata. Shi ya ce tsohon gwamna Fashola ne ya fara kawo bas ɗin gwamnati a Legas, ni kuma na ce mahaifina ya hau ta tun ba a haife mu ba. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kai ke da gaskiya, amma kada ka yi saurin yi masa dariya.

Tun 1929 kamfanin wani mutumin Girka mai suna Zarpas ke jigilar fasinja a Legas. A 1958 hukumar birnin ta sayi motocinsa, ta kafa kamfanin sufuri na birni mai suna LMTS, daga baya gwamnatin jiha ta karɓa aka koma kiransa LSTC. Wataƙila wannan ce Baba ya hau. Sayen mota bai taɓa gagarar gwamnati ba, gyara ne ya kayar da ita. Ana tsayar da kuɗin mota ƙasa-ƙasa, kayan gyara kuma daga waje ake kawo su, sai naira ta faɗi bayan 1986. Mota ta lalace, a cire mata wani abu a sa wa 'yar'uwarta, a haka aka cinye su. Molue da danfo, wato manya da ƙananan bas na 'yan kasuwa, suka gaje titi. Na sha molue daga Oshodi a tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a aljihu, mai tallar magani na ihu a kunnena har Obalende.

Inda maƙwabcinka ya kusa gaskiya shi ne BRT, wato tsarin bas mai sauri. A ranar 17 ga Maris, 2008, zamanin Fashola, aka buɗe layin farko daga ƙofar kasuwarku zuwa tashar CMS da ke tsibirin Legas, kilomita 22. Hukumar sufuri ta LAMATA, wadda aka kafa a 2002 zamanin da Tinubu ke gwamna, ita ta tsara shi. A ganina dabarar tana cikin wannan ɗan shingen kankare na titin Ikorodu, da ya ware wa bas hanyarta ita kaɗai. Sannan gwamnati ta cire hannunta daga sitiyari: ita ke da hanya da doka, shuɗayen motocin farko kuwa ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta saye su da bashin banki. A 2015 aka miƙa layin har garin Ikorodu.