Waƙar da aka ɗauka a ɗaki ba ta shiga rediyo?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, ina kaɗa gurmi tun ina yaro. Bara yayana ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, sai na fara ɗaukar muryata da gurmin a ɗakina, ina aza kiɗan na'ura a kai. Na kai wa wani mai situdiyo waƙar, ya ce ita ba ta gargajiya ba, ba ta zamani ba, kuma aikin ɗaki ba ya shiga rediyo. Abokaina ma dariya suke yi. In tara kuɗin situdiyo ne, ko in haƙura?
Wani matashi, unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA: Ƙanena, kada ka haƙura, kuma kada ka yi gaggawar kai kuɗinka. Mai situdiyon nan kasuwarsa yake karewa, ba laifi, amma maganar da ya faɗa ba haka take ba.

Akwai wata mawaƙiya a ƙasar Ajantina, Juana Molina. Mahaifinta mawaƙin tango ne, wani kiɗan rawa na ƙasarsu, ita kuwa da wasan barkwanci ta yi suna a talabijin farkon shekarun 1990. Ana cikin yayinta ta ajiye wasan ta koma waƙa. Kundinta na farko, Rara, ya fito a 1996, babban mai haɗa kiɗa Gustavo Santaolalla ne ya yi aikinsa, amma bai karɓu ba. Mutane na zuwa wurin wasanta don su sha dariya, da suka ga waƙa ce sai su yi ta zamewa.

Na biyun, Segundo, wanda ya fito a 2000, a gida ta ɗauke shi. Jita ce irin ta katako, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin jariri, da sautin na'ura yana maimaita kansa a ƙarƙashi. Ka ga kusan abin da kake yi ke nan, ita da jita, kai da gurmi. Mutanen ƙasarta ba su kula ba da farko. A Japan ya fara samun masoya, sannan kamfanin Domino na Ingila ya sake fitar da shi a 2003. David Byrne, sanannen mawaƙi a Amurka, ya ji kundin ya gayyace ta ta riƙa buɗe masa wasa. Na ukun, Tres Cosas, jaridar New York Times ta sa shi cikin goma mafi kyau na 2004. Sai da waje ya yaba sannan gida ya waiwayo, kuma wannan hali ba na Ajantina kaɗai ba ne.

Sai dai kada ka ɗauka ɗakin ne ya yi mata aikin. Abin da ɗakin ya ba ta shi ne lokaci. A situdiyo agogo na cin kuɗinka, mai na'ura yana hamma, kai kuma ka karɓi ɗauka ta biyu don kunya. A ɗakinka kana iya maimaita baiti ɗaya har sai ya zauna. Juana ba ta yi ƙoƙarin sa waƙarta ta yi ƙara irin ta manyan kamfanoni ba, a nan ne yawancin samarinmu ke faɗuwa: su cika murya da gyaran na'ura har ba ka gane mai waƙar, su danne gurmi da ganga ta kwamfuta.

Don haka gurmin ya zama shi ne gaba, na'ura ta bi shi. Fara ɗaukarsa shi kaɗai, makirufo kusa da ƙoƙon kamar taƙi guda, sannan murya, sauran daga baya. Ka jira dare ya raba, ƴan kabu-kabu sun tashi, ka kashe fanka ko da zafi ya dame ka, ka rataya barguna a bango saboda amon siminti. Ka riƙa adana aikin akai-akai, ka san halin kuran ɗinmu.

In ka gama waƙa uku, saurare su a lasifikar salula mai araha, don da ita mutanen Maraɗi za su ji ka. Wadda gurminta ya fito sarai a nan, ita za ka kai situdiyo a daidaita mata sauti kawai, kuɗin wannan bai kai na ɗauka ba. Ita ce kuma za ka miƙa wa gidan rediyo da hannunka.