Daga wane littafin Montalbano za a fara?

Malama, kin tambaya ko dole sai kin bi littattafan ɗan sanda mai bincike Montalbano, na marubucin Italiya Andrea Camilleri, a jere. Ba dole ba ne, kowane littafi da nasa binciken, kuma a ciki yake ƙarewa. Amma ni dai na farkon zan ba ki, La forma dell'acqua, na 1994.

A ciki an tsinci gawar wani babban ɗan siyasa a mota, likita ya ce ciwon zuciya ne, manya suka matsa a rufe maganar, Montalbano ya ƙi. Wannan taurin kan nasa ne ya riƙe ni har ƙarshe. In harbe-harbe kike nema, ba su da yawa. Hira ce, da abinci, da siyasar Sisili, tsibirin Italiya inda labarin yake faruwa.