Tambayoyi da Amsoshi: Wane Injin Naɗa Fim Ya Dace da Tsohuwar Kyamara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, kuma ina da kyamara mai fim ƙirar Canon AE-1 wadda nake ɗaukar hotunan biki da suna da ita, wani lokacin har da ƙwallon yaran unguwa. Wani mai sayar da kayan tokumbo, wato gwanjon da ake shigowa da shi daga waje, ya nuna mini injuna biyu da ake ɗaura wa kyamara a gindi domin su riƙa naɗa fim da kansu, Power Winder A da Motor Drive MA, ya ce babban, wato Motor Drive MA, ya fi. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zo kan wanda ya fi, sai an fara duba wanda zai yi aiki a kyamararka, domin kowane kamfani ya ƙera injinsa ne don wasu kyamarori ƙayyadaddu. AE-1 ta asali, wadda ta fito a 1976, ƙaramin injin kawai take karɓa, wato Power Winder A ko A2 da ya biyo bayansa. Shi kuwa Motor Drive MA an yi shi ne don A-1 ta 1978, kuma yana aiki da AE-1 Program ta 1981, saboda haka ka karanta rubutun da ke gaban kyamarar da kyau, idan babu kalmar Program a wurin, to ka mayar wa mai kaya babban injinsa komai rangwamen da ya yi maka. Wannan matsala ba ta Canon kaɗai ba ce: injin MD-12 na Nikon yana hawa kyamarorin FM, FE, FM2 da FE2, amma F3 sai injin MD-4, ita kuwa Pentax K1000 ba ta ma da wurin haɗa inji ko kaɗan.

Bambancin injunan biyu yana cikin sauri da nauyi. Ƙaramin yana naɗa kimanin hoto 2 a sakan ɗaya da batura 4 masu girman AA, babban kuwa yana kaiwa hoto 5 a kan A-1, amma batura 12 yake ci, kuma wuyanka zai shaida hakan kafin a tashi daga walima. A ra'ayina, ko da kyamararka tana karɓar babban, ba zan ba ka shawarar sayensa ba, kuma dalilina shi ne fim. Naɗi ɗaya hoto 36 ne, idan ka danne maɓalli ba ka ɗaga yatsa ba, babban injin zai cinye shi cikin kusan sakan 7. An ƙera irin waɗannan injuna ne don masu ɗaukar hoton jaridu da wasanni, waɗanda ma'aikatarsu ke sayen fim kwali-kwali, ba don mutumin da zai sayi fim ɗan waje da kuɗin aljihunsa, sannan ya ratsa cunkoson Legas neman inda za a wanke masa ba.

Amfanin ƙaramin injin a wurin biki ma ba saurin ba ne. Duk wanda ke naɗa fim da babban yatsa ya san cewa sai ya ɗan janye kyamarar daga ido, musamman mai leƙawa da idon hagu, wanda hannun naɗin ke tokarar fuskarsa, kuma a wannan ɗan lokacin ne amarya take ɗago kai ta yi murmushi ta sake sunkuyawa. Da injin, idonka yana nan a kan abin da kake ɗauka, fim kuma ya riga ya shirya. Sai dai yana da ƙara, don haka lokacin ɗaurin aure a masallaci ko addu'ar raɗin suna, ka kashe shi ka koma naɗi da hannu. 

Tambaya: Ni daga Idi-Araba nake. Na samu MD-12 da araha, amma na ga farin gari a ma'ajin baturansa. Ya lalace ke nan?

Amsa: Ba lallai ba ne. Wannan garin ruwan batir ne da ya tsiyaya ya bushe, abin da laimar Legas ke ƙara tsananta wa duk na'urar da aka ajiye da batura a ciki. Ka tsoma auduga a ɗan ruwan khal ka goge ƙarafunan, ka bar su su bushe sarai, sannan ka sa sababbin batura 8. Idan tsatsa ta cinye waya ko ƙarfen ya karye, sai mai gyara. Kada ka biya kuɗi sai ka je da kyamararka: ka kashe injin kafin ka ɗaura shi, ka sa tsohon fim da ba ka buƙata, ka ɗauka har ƙarshensa kana saurare, domin injin da ke jan numfashi ko yake tsayawa a tsakiyar naɗi yana iya cije giyar kyamarar. Bayan kowane aiki kuma, ka cire baturan ka ajiye su daban.