Majigi na yaga fim: a gyara ne ko a sayi wani?

Tambaya: Salamu alaikum. Na gaji tsohon majigi ƙirar Bell & Howell mai cin fim na milimita 16. Fitila na kamawa, inji na juyawa, amma hoto sai tsalle yake a bango, ga ƙara kaf-kaf, har ya soma yaga mini ramukan gefen fim. An yi mini tallar wani a Sabon Gari. In saya ko in gyara nawa? Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da fitar da kuɗi tukuna, kuma don Allah kada ka sake ɗora fim mai daraja a kansa, domin ramin da ya yage ba ya komawa.

Abu biyu ne ke jan fim. Ƙafafu masu haƙora suna ja ba tsayawa, shi kuwa ɗan farcen da ke ƙofar haske yana fizgo hoto ɗaya-ɗaya, sau 24 a daƙiƙa. Abin da ke sulhunta su shi ne lanƙwasar da ake bari sama da ƙasan ƙofar. Da zarar ɗaya ta ɗame, sai ƙarar nan ta tashi. Bi zanen da ke jikin majigin sak, musamman ta ƙasa, don sauti yana gaban hotonsa da hoto 26. In ka ƙara ko ka rage, baki da murya za su saɓa.

Zare wuta, ka ɗora guntun fim da ba ka damu da shi ba, ka juya injin da hannu a hankali. Duba ko farcen na shiga tsakiyar rami ya fito sumul. Sannan buɗe ƙofar. A nan Zariya ƙurar hunturu kan haɗu da dattin fim ta daskare kamar ƙanzo a gefen hanyar. Kankare ta da tsinken sakace, ka goge da auduga da ɗan sipirit. Ƙarfe kada ya taɓa wurin, haka ma mai.

Sau da yawa fa laifin na fim ne. Tsohon fim kan tsuke, musamman wanda ya sha zafin ɗaki har yana warin tsami irin na khal. Ƙirga hoto 100 ka auna da tef: lafiyayye milimita 762 ne. In ya gaza 755, haƙoran majigi ba za su dace da ramukansa ba, ko da sabon inji ne.

Abin da zai raba gardama yana ciki. Cire murfin baya ka haska tocila kan giyar roba mai kama da zaren kusa, wadda ke juya ƙafafun. A yawancin Bell & Howell na shekarun 1960 da 1970 robar kan tsage saboda tsufa. In ka ga tsaga, sai an canza ta an sake daidaita tafiyar farce da ƙafafu, aikin da ba kowane mai gyaran rediyo zai iya ba. A nan ne kawai zan ce ka duba na Sabon Garin. In giyar lafiya take, gyara naka. Bel ɗin hannun da ke naɗe fim in ya saki, sauya shi ba wuya.

In za ka je, tafi da guntun fim ɗinka a kunna a gabanka na minti goma. Karanta farantin bayansa: in na Amurka ne mai bolt 120, sai da taransifoma, kuma wanda aka yi wa wutar lantarki mai bugawa sau 60 a daƙiƙa yana iya saukowa hoto 20 a daƙiƙa a kan namu mai 50, murya ta yi kauri. Ka kuma tabbatar haƙoran ƙafafunsa layi ɗaya ne, don mai layi biyu na fim marar sauti ne, zai huda maka layin sauti.