Inuwar giginya da lokutan yini

Wata ɗaliba daga Yamai ta aiko da tambaya a kan karin maganar nan, "Inuwar giginya, na nesa ka sha ki", tana son sanin dalilin da ya sa aka zaɓi giginya ba wani itace ba, da kuma ma'anar "ka" da ke cikinta.

'Yata, wannan "ka" ba ta umurni ba ce. Ita ce "ke" a bakin Hausawan yamma, irin na Tawa da Sakkwato, masu cewa "shi ka zuwa" inda Bakano zai ce "shi ke zuwa". Ana yin karin maganar ga mutumin da alherinsa ke tsallake danginsa ya faɗa wa bare.

Giginya kuwa, duk wanda ya ga dazukanta a yankin Gaya ta Nijar ya san doguwa ce, ba ta da rassa, ganyenta duka yana can ƙololuwa. Da hantsi, wato lokacin da rana ta ɗan ɗaga bayan fitowarta, haske yana zuwa a karkace, shi ya sa ake masa kirari da "leƙa gidan kowa", inuwa kuma takan miƙe yamma da tsawo. Idan rana ta kai kashi ɗaya cikin uku na hawanta daga gefen sama zuwa tsakiya, giginya mai mita 20 tana jefa inuwar ganyenta kusan mita 35 daga gindinta, wanda ya jingina da ita kuwa yana shan rana. Da walaha inuwar ta fara janyewa, har ta kai iyakar gajartarta a tsakar rana, wadda a Yamai takan zo kusan ƙarfe 1, ba 12 ba. Daga nan sai ta juya gabas, wannan gocewar ranar kuwa ita ce malamai ke kira zawali, farkon lokacin Azahar. Idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da ɗan abin da ya rage mata a tsakar rana, La'asar ta shiga, da la'asar sakaliya kuma sai ta ninka shi sau da yawa kafin almuru ya shafe ta.

A ganina masu karin maganar sun ɗan matsa wa giginya, domin a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta rana tana bi ta tsakar ka a Yamai, inuwar kuma ta faɗo daidai gindi, na kusa ya sha. A watan Disamba dai ko da tsakar rana inuwar tana karkata arewa. Ki kafa sanda mai mita 1 a tsakar gida, ki riƙa sa tsakuwa a bakin inuwarsa kowace awa. A Disamba mafi gajarta za ta kai kamar santimita 75.