Amsoshin Tambayoyinku: Sikila, Gwajin Jini da Jiƙon Canza Jini

Wata uwa daga Zariya ta rubuto cewa 'yarta na fama da sikila, kuma an yi mata tallar wani jiƙo da aka ce yana mayar da nau'in jinin SS, na masu sikila, ya koma AA, na marasa ita. Tana tambaya ko ta sayar da akuyarta ta saya.

Baiwar Allah, Allah ya ba yarinya lafiya, ya saka miki da wahalar jinya, amma kada ki sayar da komai. Tushen cutar wata matsala ce a cikin ƙwayar gado mai suna HBB, wadda ke ba jiki umarnin ƙera wani sashe na hemogulobin, furotin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. A jikin mai SS, da zarar furotin ɗin ya sauke iskar sai ya harhaɗe ya sandare, ƙwayar jinin ta rasa ruwanta ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. Wannan umarni tun daga ciki aka gado shi, kuma babu sassaƙe ko saiwar da ke goge shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne masu wannan sana'a sun san haka sarai, suna bin kasuwanni da lasifika suna cin kuɗin iyayen da tsoro ya riga ya gama da su, wani jiƙon ma ya taɓa ƙodar yaron. Dashen ɓargo yana warkarwa, sai dai yana da tsada da haɗari. Ki kashe kuɗinki a kan gidan sauro, folic acid da yawan ba ta ruwa, sannan ki tambayi likitanta batun maganin hydroxyurea, wanda ba a sha sai ana duba jini.

Wani saurayi daga Katsina ya ce shi da budurwarsa duk AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila amma ba su da cutar, yana neman inda zai sayi takardar AA. Malam, wannan ha'inci ne, kuma ba zan nuna maka hanya ba. Kowane ciki da za ta ɗauka, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS.

Ke kuma da kika yi tambaya kan gwaji mai arha na gano nau'in jini, ki nemi gwajin electrophoresis ko na HPLC a babban asibiti, kuma kada ki yi shi cikin wata 3 bayan ƙarin jini, domin jinin da aka ƙara miki yana rikita sakamako.