Tambayarku, Amsarmu: Ina so in koma gidan Yayata, Baba ya hana

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Shekarata 16 ina SS2 a nan Kano, Mamanmu ta rasu shekara uku kenan, tun lokacin ni da matar Baba ba ma shiri wallahi, wanke-wanke ni, wanki ni, abinci sai abin da ya rage a tukunya, in na gaya wa Baba ya ce in yi haƙuri uwata ce. Yayata da muke ciki ɗaya tana aure a Zariya, ta ce in dawo wajenta in ƙarasa makaranta amma Baba ya ce ba inda za ni. Ni dai na fara tunanin in haɗa kayana in tafi kawai. Doka ta ba ni dama?

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yata, Allah ya jiƙan Mama. Maganar haɗa kaya ki bi tasha da asuba, ki ajiye ta tukuna dan Allah. A dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003, duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, Kano ma ta sa hannu a tata a 2023, to kinga ba ke za ki yanke wa kanki wurin zama ba. Kuma in kika gudu ba ke za a kama ba, mijin Yayarki za a je a ɗauko da 'yan sanda a ce ya ɗauke 'yar mutane, shi kenan kin jawo wa aurenta rigima kuma a ƙarshe a dawo da ke gidan da kika baro, wannan karon da sunan mai guduwa.

Amma fa ba wai ba ki da hanya ba. Kotunan shari'armu Malikiyya suke bi, kuma abin da ke cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, shi ne riƙon 'ya mace yana wajen uwa har ta yi aure ta tare, in uwa ta rasu ya koma wa kaka ta wajen uwa, sannan ƙanwar uwa ko yayarta, sai in babu su a zo kan 'yan'uwa mata da gwaggonni. Matar uba ba ta cikin layin nan sam. Mutane da yawa ba su san wannan ba, ana gama sadakar bakwai sai a ce ai 'ya'ya na uba ne, magana ta ƙare.

Sai dai ga inda gizo yake saƙar: Yayarki tana da miji, shi kuma ba muharraminki ba ne, kuma ki sa a ranki wannan Baba zai fara kawowa a gaban alƙali, alƙalin ma zai duba. Shi ya sa da ni ce ke, ta wajen kakarki mahaifiyar Mama zan biyo in tana raye, ko wata daga cikin 'yan'uwan Mama. Ita ce mai ƙarfi a shari'a. Ta sa a kira Baba, a zauna da kawunanki da mai unguwa ko liman, wani lokacin tsohuwa ɗaya in ta zauna a zaure ta share hawaye da bakin mayafi ta fi lauya goma aiki. In bai saurara ba akwai Hisbah, suna irin wannan sulhun, in nan ma ya ƙi sai kotu, kuma babba ce za ta shigar ba ke ba. In kuɗin lauya ne matsala a nemi Legal Aid, hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya, ko FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi.

Ko ina kika koma, ci da sutura da magani suna wuyan Baba, kuma shi ne waliyyinki ranar aure, don haka kar ki yi masa rashin kunya ko a waya.

Abu ɗaya ba ki faɗa min ba, ana dukanki? In akwai duka mai barin shaida a jiki, ko wani a gidan yana taɓa ki, wannan ba ta zaman sulhu ba ce. Ki gaya wa Yaya yau, a kai ki asibiti a ajiye katin, a wuce ofishin walwala na Ma'aikatar Mata ko wajen 'yan sanda. Ki sake rubuto min in ji yadda kuka yi da kakar taki.